Ina maganin ya shiga?

A shekarar 2011, tsakanin Afrilu da Yuli, labarai biyu suka fito daga Afirka a kan magani ɗaya, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Maganin wata shuɗiyar ƙwaya ce mai suna Truvada, haɗin tenofovir da emtricitabine. An jima ana ba masu ɗauke da ƙanjamau ita tare da wasu magunguna. Sabon tunanin da likitoci suka zo da shi shi ne a ba wanda bai kamu ba, ya riƙa haɗiyar guda ɗaya kullum, ta yadda ko cutar ta shigo jikinsa za ta tarar an riga ta wurin zama. Wannan riga-kafin ne ma'aikatan lafiya ke kira PrEP a yau.

Labarin farko ya fito ranar 18 ga Afrilu. Ƙungiyar FHI ta ce ta tsayar da bincikenta mai suna FEM-PrEP, domin ci gaba da shi ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Mata 2,120 aka ɗauka a Bondo ta ƙasar Kenya, da Pretoria da Bloemfontein a Afirka ta Kudu, da Arusha a Tanzaniya. Rabi aka ba su maganin gaskiya, rabi aka ba su holoƙo, wato ƙwaya mai kama da shi sak amma babu komai a cikinta, kuma daga matan har ma'aikatan ba wanda ya san wacce ke karɓar wanne. Da aka kammala lissafi, mata 33 sun kamu a ɓangaren magani, 35 a ɓangaren holoƙo. Tamkar ba a ba kowa komai ba.

Ranar 13 ga Yuli sai ga labari na biyu. Masu bincike na Jami'ar Washington sun bi ma'aurata 4,758 a Kenya da Uganda, inda a kowane gida ɗaya na ɗauke da cutar, ɗayan lafiyarsa ƙalau. Binciken nan, Partners PrEP, ya nuna Truvada ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100. Ɗaya daga cikin garuruwan da aka yi aikin shi ne Kisumu, maƙwabciyar Bondo a yankin Tafkin Victoria. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, magani ɗaya. A nan ya kare mutane, can kusa kuma ya zama kamar alli. Me ya faru?

Wanda ke zaune a Moriki, kan hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ai ba ƙanjamau ne ke hana mu barci ba. 'Yan bindiga ne, da tamowar yara, da zazzaɓin damina. Gaskiya ne. Babbar ƙidayar NAIIS ta 2018 ta sa masu ɗauke da cutar a kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6 ne, mafi ƙanƙanta a shiyyoyin ƙasar. Sai dai inda abu ya yi ƙaranci, gidan da ya faɗa wa shi kaɗai yake kwana da shi, ba maƙwabcin da za a yi wa zancen. Matar da aka gwada ta lokacin awon ciki aka ce ba ta da komai, aka gwada maigida aka ce yana da ita, ba ruwanta da kashi nawa ne a shiyya. Saboda ita ya kamata a bi sawun wannan lamari har inda ya tsaya.

Wanda aka fara tuhuma shi ne maganin kansa. Tuhumar ba ta daɗe ba. Kamfani ɗaya ne, Gilead, ya bayar da shi a duk wuraren. Tun Nuwamban 2010 binciken iPrEx ya nuna ya rage kamuwa da kashi 44 a tsakanin maza, kuma a ranar da aka sanar da sakamakon ma'aurata, wani binciken daga Botswana ya zo da kashi 62. Magani dai yana aiki.

Sai aka koma kan jikin mace. Wannan tuhumar tana da tushe, don gwaje-gwaje sun nuna tenofovir ba ya taruwa a al'aurar mace kamar yadda yake taruwa a wasu sassan jiki. Da yawa suka fara cewa wataƙila riga-kafin na maza ne, mata sai su jira wani. To amma cikin ma'auratan Kenya da Uganda akwai mata da yawa marasa cutar, kuma da aka ware lissafinsu daban, Truvada ta kare su da kashi 66, tenofovir shi kaɗai kuma da kashi 71. Jikin matar Kisumu bai bambanta da na matar Bondo ba.

Saura tambayar da kowace kaka za ta fara yi: shin suna shan maganin kuwa? Masu binciken sun ɗauka sun rufe wannan ƙofar tun farko. Kowane wata ana tambayar matan FEM-PrEP, kuma kashi 95 sun ce suna sha kullum ko kusan kullum. Ba a tsaya ga maganar baki ba. Ana karɓar robar watan jiya a zazzage a ƙirga abin da ya rage, ƙirgen kuma ya nuna kashi 88 na maganin ya bar roba. Baki ya ce an sha, roba ta ce an sha.

Ana cikin wannan ruɗani sai babban bincike na uku ya ƙara dagula lissafi. Sunansa VOICE, mata 5,029 a Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabwe. Abu uku aka gwada: Truvada, tenofovir shi kaɗai, da wani man shafawa mai tenofovir. A watan Maris na 2013, a taron masana a Atlanta ta Amurka, Dakta Jeanne Marrazzo ta sanar da cewa cikin ukun babu wanda ya kare kowa. Mata 312 ne suka kamu. Su ma littattafansu tsaf suke: matan na zuwa asibiti a kan kari, kusan kashi 90 sun ce suna amfani da abin da aka ba su, ƙirgen abin da suka dawo da shi ya ba da kashi 86.

Shaidar da ta warware rabin farko na matsalar tana kwance a firiza. A kai a kai ana ɗibar jinin matan a ajiye, ba a duba shi don neman magani a lokacin, saboda yin hakan zai tona wacce ke karɓar na gaskiya da wacce ke karɓar holoƙo. Da aka gama bincike aka narkar da kwalaben. A FEM-PrEP, waɗanda aka ga alamar shan magani kwanan nan a jininsu ba su kai kashi 40 ba. A VOICE, kusan kashi 30 ne na jinin masu ƙwaya ke da tenofovir, masu man shafawa kashi 25. Rabin matan ko fiye ba a taɓa ganin ɗigon maganin a jininsu ba, daga farkon bincike har ƙarshensa. Waɗanda suka fi ƙin sha su ne 'yan ƙasa da shekara 25 marasa aure, kuma su ne suka fi kamuwa. A wajen ma'aurata kuwa, kashi 82 na jinin da aka duba yana ɗauke da magani.

Ashe maganin bai gaza ba, cikin jiki ne bai shiga ba. Amma wannan amsar ta haifi tambayar da ta fi ta wuya. Roba ta dawo wayam, jini kuma wayam. Ina maganin ya shiga? Kuma me zai sa mace ta yi ta sintirin asibiti wata bayan wata, shekara ɗaya, biyu, tana karɓar abin da ba ta sha?

Masu binciken suka koma wajen matan, a wani ƙaramin aiki da suka kira VOICE-D. Sun zauna da mata fiye da ɗari, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan karon ba su tambaya ba, nunawa suka yi. Don kada su cika wa mutum kunne da lambobin ɗakin gwaji, sai suka zo da hoton butar shayi: wata cike, wata rabi, wata babu komai. A ce wa mace, jininki ya yi daidai da wannan butar. Wasu suka yi mamaki, wasu suka musa, wasu suka yi shiru. Daga baya baki ya buɗe.

An zubar da maganin a masai da shara. An ɓoye shi a gida. Akwai masu zazzage adadin da ya dace kafin su shiga asibiti, don ƙirge ya yi daidai. Dalilan kuwa ba na wauta ba ne. A benci, wajen jiran layi, ana ta yaɗa cewa maganin yana lalata hanta, yana hana haihuwa, wasu ma sun ce shi ke sa cutar. A gida, duk wanda ya ga ƙwayar ya san irin ta masu ƙanjamau ce, to yaya za ki shawo kan miji ko uwa cewa don ba ki da cutar ne kike sha? An kuma gaya musu tun farko cewa ba a san ko maganin na aiki ba, ba a kuma san ko holoƙo ne a hannunsu ba. Abin da suka tabbatar da amfaninsa shi ne gwajin lafiya kyauta kowane wata, da maganin tazarar haihuwa, da kuɗin mota, da ma'aikata masu sakin fuska. Faɗin gaskiya, a tunaninsu, zai iya jawo a sallame su. A FEM-PrEP ma, kusan kashi 70 na matan sun ce ba sa ganin kansu cikin wani haɗari sosai, alhali a garuruwansu kusan mace biyar cikin ɗari ke kamuwa kowace shekara.

Wasu sun yi saurin kiran matan maƙaryata. Ni ban ga haka ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙaramin asibiti a ƙasar Zurmi ba zai ga haka ba. Ma'aikaci na zaune bayan tebur, biro a hannu, layi ya kai bakin ƙofa. Bai ɗago kai ba zai ce, "Malama, kina dai shan maganinki ko?" Ita kuma ta gyara hijabi ta ce, "Ina sha, likita." Tambayar da amsarta tare suka fito daga bakinsa. Mutumin nan ya yi miki kirki, ya ba ki abu kyauta, ga mutane a baya suna ji. Kara da kunya ba za su bar ki ki ce masa kin kwana goma ba ki taɓa ba. Da zai sauke murya ya ce, "Yawancin masu karɓar wannan magani suna tsallake wasu kwanaki. Ke a satin nan, wace rana ce ta fi ba ki wuya?" da wata amsar zai samu.

To su ma'auratan me ya sa suka sha? An zauna da su su ma, musamman a Uganda. Abu na farko, haɗarin yana da suna da fuska, tare ake kwana da shi. Na biyu, ba ɓoye-ɓoye: an gwada su tare, an gaya musu sakamako tare, robar maganin na iya zama a fili. Sau da yawa mai ɗauke da cutar ne ke tunatar da mai lafiyar cewa lokaci ya yi. Na uku, da yawansu sun shiga binciken aurensu na tangal-tangal, ana tsakanin a rabu a tsira ko a zauna a kamu, sai maganin ya zama hanya ta uku. An ware mutum 1,147 daga cikinsu ana kai musu ziyarar ba-zata a ƙirga magani a gida, wanda aka ga ya fara sanyi a zauna da shi a ji matsalarsa. Mutum 14 suka kamu cikin wannan rukuni, kuma dukkansu holoƙo suke sha.

Da an tsaya nan sai a ce an gano bakin zaren: a nuna wa mutum sakamakon jininsa, a ƙarfafa shi, shi ke nan. An gwada hakan a Harare da Cape Town da Johannesburg, a binciken HPTN 082, da 'yan mata 451. Wannan karon sun san maganin gaskiya ne, sun san yana aiki, kusan duka sun ce suna so. An kafa musu ƙungiyoyin zama tare, ana aika musu saƙon waya, rabinsu kuma ana nuna musu abin da jininsu ya ce. A wata na uku kashi 84 na da magani a jini. A wata na goma sha biyu saura kashi 31, kuma waɗanda ake nuna wa sakamako ba su fi sauran ba. Butar shayi ta iya buɗe baki, amma ba ta iya sa hannu ya kai ga roba kowace safiya. Mai lafiya shan magani kullum yana gundurarsa, balle idan a ɓoye yake sha.

Yanzu a ɗauko duk wannan a aza shi a kan Moriki, a ƙara da abin da Bondo ba ta da shi. Hanya ce ta farko. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur. Duk tsarin da ya dogara da kiran waya don tunatarwa, ko da ranar kasuwar Shinkafi don a fake da cefane a biya asibiti, ya tsaya cik a lokacin. Ko yau, mai niyyar zuwa Ƙauran Namoda ko Gusau sai ya tambayi labarin hanya kafin ya hau mota. Wanda aka ba maganin wata ɗaya a irin wannan wuri, an ba shi ranar yankewa ne. Na wata uku ya kamata a ba shi, daidai da lokacin da ake maimaita gwajin jini.

Sai cikin gida. Matar da ba ta fita sai da izini, ba za ta riƙa zuwa asibiti a ɓoye ba. Ko maigida ya sani, ko magani ya yanke. Idan da abokiyar zama, robar nan mai ƙara in an taɓa jaka ta isa ta tayar da zance, shi ya sa wasu ke cusa auduga a ciki. Kuma gidan da maigida ke ɗauke da cutar, duk matan da ke karɓar girki maganar ta shafe su, kowacce da haƙƙin a gwada ta a kuma ba ta kariya. Wannan zance ne mai nauyi da ma'aikacin lafiya shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba. Malaman da ke ɗaura aure suna da ta cewa. A Kano, tun auren zawarawa na Hisbah a 2012 ake gwada ango da amarya, a 2024 kuma gwajin kafin aure ya zama doka. Mai cewa riga-kafin nan lasisin fasiƙanci ne, ya tuna cewa hujja mafi ƙarfi a kan amfaninsa daga ɗakunan aure ta fito.

Akwai ƙananan abubuwa da rashin faɗarsu ke kashe shan magani. Wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon kai a makonnin farko, yakan wuce. Wanda ba a gaya masa ba zai ɗauka jita-jitar benci ce ta tabbata. Mace na buƙatar kwana bakwai tana sha kafin kariya ta kankama. Da azumi ana iya mayar da shi sahur ko bayan buɗa-baki, tunda sau ɗaya ne a rana. Mai ciwon hanta nau'in B kada ya daina kai tsaye sai da shawarar likita. Ba kuma ɗaurin rai-da-rai ba ne: idan maigida ya riƙe nasa maganin wata shida, gwaji ya nuna cutar ta kwanta har ba a iya ganinta a jini, ba ya yaɗa ta ga iyalinsa, matar na iya ajiye nata. An gwada wannan tsarin gada da ma'aurata 1,013 a Kenya da Uganda, kamuwa ta ragu da kusan kashi 96. Ita kuwa wadda aka yi wa fyaɗe, abin da yankinmu ya sani fiye da yadda ake faɗa, nata maganin daban ne: a fara cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi.

Hujjar ƙarshe ta zo a Yunin 2024, daga Afirka ta Kudu da Uganda. A binciken PURPOSE 1, mata 2,134 aka yi wa allurar lenacapavir, sau ɗaya duk wata shida. Ko ɗaya ba ta kamu ba. Cikin 1,068 da aka ba Truvada 16 sun kamu, cikin 2,136 da aka ba wata sabuwar ƙwaya 39 sun kamu, jininsu kuma ya sake ba da labarin da ya bayar shekara goma sha uku baya. Allura ba ta ƙara a jaka, kishiya ba ta ganinta, ba a zubar da ita a masai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2025, a Satumba kuma aka sanar da yarjejeniyar samar da mai araha a kan dala 40 a shekara daga 2027. A 2025 ɗin ce kuma gwamnatin Amurka ta taƙaita tallafin riga-kafi na shirinta na PEPFAR ga masu ciki da masu shayarwa kawai, don haka nauyin ya dawo kan gwamnatocinmu.

An saba a fara raba sabon abu a Abuja da Legas da jihohin da lambobinsu suka fi yawa, na nesa su ji a salansa. Ina kira ga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara: idan ana rabon wannan allura, a sa wahalar hanya cikin ma'auni. Matar da zuwa asibiti sau biyu a shekara ne iyakar abin da za ta iya, a Moriki da Zurmi da Shinkafi take. Kafin allurar ta iso kuwa, wanda ya san abokin zamansa na ɗauke da cutar ya kama hannunsa su je tare, su nemi gwaji, su nemi PrEP da sunansa, su roƙi na wata uku. In an tsallake kwanaki a faɗa wa likita adadinsu, ba a korar kowa a kan haka.